Katanga Don Tauraron Fu Yue

Labarin ya yi wata tara a hanya kafin ya hawo tudunmu, kuma ta lasifikar ofishin ƙauye ya shigo, tsakanin sanarwar feshin gonakin tuffa da cigiyar akuyar wani. Pei, shugaban ƙauye, shi ya karanta. Wai masana taurari na duniya sun zauna, sun ɗauki sunan wani tauraro na kudu daga bakin mutanenmu na da, sun sa a littafinsu. Daga yanzu ko a wace ƙasa mutum yake, in ya nuna tauraron nan, Fu Yue zai ce.

Fu Genwang yana tsugune a bakin gangaren da ke sauka cikin gidansa, irin gidan ramin da ake haƙawa cikin ƙasa, da kwanon kunun gero a hannu, lokacin da ya ji. Bai ko ɗaga kai ba. A wurinsa ba a faɗi sabon abu ba. Yana ɗan shekara shida ubansa ya nuna masa tauraron, can ƙasa-ƙasa a saman kogi, kusa da ƙarshen jerin da muke kira Wutsiya, ya ce ga kakanku nan. Kowa a nan ya san zancen. Fu Yue mai daɓen katanga ne, cikin waɗanda ake sa wa aikin dole a waɗannan tuddai namu, shekara dubu uku da wani abu da suka wuce. Sarki ya yi mafarkin wani mutum, ya sa aka zana fuskar, aka bi ƙasa ana nema, aka same shi tsaye a kan katanga da ƙura har gira. Aka kai shi fada ya zama waziri. Da ya mutu aka ce ya hau sama ya zauna a can. Masu sunan Fu daga gare shi suke ƙirga kansu, mai daɓen katanga kuma, ko ba Fu ba ne, shi yake gaisarwa kafin ya ɗaga madaɓi.

Masu daɓen katanga a ƙauyen saura biyu. Genwang, mai shekara sittin da tara, da Jing Laishun, wanda Genwang ya ba shekara biyu. Shekara arba'in da ɗaya suna hawa katako tare. Rabon da wani ya kira su aiki kuwa an fi shekara goma, tun da bulo da siminti suka hawo tudu. Matar Genwang ta mutu, 'yarsa tana aure a wani birni da jirgin ƙasa ke kwana kafin ya kai. A layinsu gida tara ne, bakwai an sa musu kwaɗo. Abin da ya rage masa a yini shi ne ya tsallaka kwazazzabo bayan cin rana, ya zauna a ƙofar Laishun, su sha taba su zagi juna har inuwa ta juya.

Kwana biyu bayan sanarwar Pei ya zo a kan babur.

"Baba Genwang, ka dai ji ko? Kakanku ya shiga duniya."

"Da can a ina yake?"

Pei ya yi dariya. Ya ce yana son katanga a bakin ƙauye, taku goma sha biyu, tsayin mutum da hannu a sama, wadda za a kafa wa allo mai sunan Fu Yue, kafin bikin tunawa da shi na ranar takwas ga wata na huɗu. Baƙi za su zo daga gunduma, da masu ɗaukar hoto.

"Da bulo?"

"Da ƙasa. Irin ta da. Ni zan sa a zubo muku ƙasar."

"Mutum ɗaya ba ya daɓe."

"Ai na biya ta wajen Baba Laishun. Ya yarda. Ya ma gaya wa ɗansa kada ya zo ɗaukarsa sai an gama."

Genwang ya ajiye kwanon. "Ɗaukarsa zuwa ina?"

Pei ya ga ya yi suɓul da baka. Ya tayar da babur ya ce wai yana da taro.

Ranar Genwang bai jira cin rana ba. Ya tarar da Laishun yana goge ƙotar madaɓinsa da tsumma da ɗan mai, dutsen a tsakanin ƙafafunsa.

"Munafukin tsoho. Birni za ka?"

"Yaya, zauna mana."

"Ba ni zama. Me za ka yi a birni? Kai da ba ka iya zama kan masai na tangaram ba?"

"Zan koya. Kai ma da ka je wurin 'yarka ai ka koya, sai dai an ce tsugunawa ka yi a kai da takalmi."

"Ƙarya ne."

"Ita ta gaya wa marigayiya matata."

Genwang ya zauna. Suka sha taba. Can Laishun ya ce yaron ne ya matsa, ya riga ya gyara masa ɗaki a hawa na goma sha bakwai. Amma ya gaya masa tun farko: waɗanda suka kafa katakon farko su ke cire na ƙarshe, haka aka gada. Ba zai bar katanga rabi ba.

Suka fara a farkon wata na uku.

Aikin ba wani asiri ba ne, sai dai ba ya yafe ganganci. A kafa turaku, a jera katako biyu a ɗaure da igiya, a zuba ƙasa tsakani kamar tsayin tafin hannu, mutum biyu su hau, ɗaya a wannan kai ɗaya a wancan, su yi ta bugu suna matsowa har su haɗu a tsakiya. In wannan ya sauke, wancan ya ɗaga. Wanda ke nesa zai ji kamar mata biyu a turmi ɗaya. In hannun ɗaya ya fi na ɗaya nauyi, katangar za ta karkata, ba yau ba, bayan shekara uku. Shi ya sa mai daɓe ba ya canza abokin hawa.

Sun raba aikin tun suna samari. Genwang ke zuwa da asuba ya yayyafa wa tulin ƙasa ruwa, ya juya da shebur, ya rufe da tabarma. Laishun ke gwadawa. Ya damƙi ƙasa a hannu ya matse, ya sake ta daga daidai ƙugu. In ta ƙi haɗuwa a hannu, ta bushe. In ta faɗi ta zauna dunƙule, ruwa ya yi yawa. In ta haɗu a hannu, ta faɗi ta tarwatse, sai ya ce, "Zuba." Genwang bai taɓa musu da wannan hannu ba.

A irin wannan lokaci na shekara, da asuba, tauraron yana nan kudu a saman kogi kafin gari ya waye. Ba wani mai haske ba ne. In ba a nuna maka ba, ba za ka tsince shi cikin 'yan'uwansa ba. Genwang yakan ajiye bokiti ya haɗa hannu ya ɗan rusuna, ba addu'a ba komai, kamar yadda ake gaida babba a hanya. Sannan ya shiga juya ƙasa.

Kwana goma katangar ta kai ƙugu. Jikinsu ya tuna aikin. Tsofaffin mata suka riƙa fitowa da kujeru suna kallo, wata ta kawo musu dafaffen burodi mai tururi da yajin barkono. Laishun yana bugu yana tsokana.

"Yaya, wannan bugu ne ko lallashi?"

"Ka kula da naka gefen. Ya fara kama da bakinka, duk giɓi."

Genwang ya lura yana cin kwano biyu da yamma. Ya kuma lura da wani abin: in suka ci gaba haka, saura kwana goma sha biyar su cire katakon ƙarshe.

Ya zauna ya lissafa a ransa. Bayan biki da 'yan makonni damina ke sauka, kuma ba a daɓe da ruwan sama. In ruwa ya ɗauke sai tsinkar tuffa, ba mai zubo musu ƙasa. Daga nan sai sanyi, ƙasa ta daskare. Katangar da ba a gama kafin damina ba, sai wata bazarar. Shekara guda ke nan cur. Pei zai yi ihu, ya yi ta yi, ya kafa allonsa a jikin bulo in ya ga dama. Laishun dai ba zai tafi ya bar katakon a ɗaure ba.

Washegari da asuba, inda yake zuba bokiti huɗu, ya zuba bakwai. Bai dubi kudu ba ranar. Ya juya ƙasar sosai, ya barbaɗa busasshiya a sama, ya rufe.

Laishun ya iso yana tari. Ya yaye tabarma, ya cusa hannu can ciki kamar yadda ya saba, ya damƙo ya matse. Genwang ya juya baya yana gyaran igiyar da ba abin da ya same ta. Ya ji ƙasar ta faɗi, tim, ba ƙarar tarwatsewa.

"Zuba," in ji Laishun.

Kwana uku suna ɗora jiƙaƙƙiyar ƙasa. Madaɓi yana manne mata yana tashi da ƙyar. A rana ta biyar, da rana ta buge ta, tsaga ta buɗe daga sama har inda aka fara, wadda yatsa zai shiga. Pei ya zo ya riƙe kai.

"Baba, me ya faru?"

"Ƙasar da ka kawo ce," in ji Genwang.

"Ai rami ɗaya ake ɗebowa."

"To ramin ne ya canza hali. A rushe hawa uku."

Rushewa da kwashewa suka ci kwana biyu. Genwang ya ga ya samu mako guda. In ya ƙara sau biyu, an wuce wurin.

Ya bari suka yi kwana biyu da ƙasa mai kyau. A na uku ya sake zuba bakwai.

Wannan karon Laishun bai ma saki ƙasar ba. Ya matse ta, ruwa ya fito ta tsakanin yatsunsa, ya miƙa hannun har gaban fuskar Genwang.

"Yaya, wannan kunu za mu dama ko katanga?"

"Raɓa ce ta yi yawa."

"Raɓa mai zuwa da bokiti?"



Laishun ya goge hannu a wando, ya zauna a kan katako. "Na farko na sani. Tun kafin in taɓa na sani, daga yadda ka juya mini ƙeya. Na ce to, shekara arba'in da ɗaya, in ba shi mako guda ba a yi asara ba. Na ba ka. Ba ni da na biyu."

"Wa ya roƙe ka?"

"Ba ka roƙa ba. Kai ba ka iya roƙo ba, sai ɓarna." Ya ciro taba, bai kunna ba. "Ba yaron ne ya matsa ba. Ni na kira shi."

Genwang ya dube shi.

"Da sanyin da ya wuce, ranar da ka zo ka tarar na kwanta na ce mura ce. Ba mura ba ce. A gangaren gida na zame da sassafe, na kwanta a ƙanƙara har rana ta take. Ina jin lasifikar Pei, ina jin kare, ba mai jina. Da rarrafe na shiga ɗaki. Tun ranar, in na zo sauka gidana sai ƙafata ta yi rawa. Ni ba na son a gane na mutu saboda wari, Yaya."

"Ai ina zuwa kullum."

"Bayan cin rana. In kai ne ka zame fa, wa zai zo?"

"Ka dawo gidana. Ɗaki huɗu ba kowa."

"Tsoho biyu a rami ɗaya, kowa na jiran ya ga wa zai fara. Ina da jikoki da ba su san muryata ba sai a waya." Ya nuna katangar da haɓa. "Kuma wannan, sunan kakanku za a liƙa mata. Ni Jing ne, ba ruwana. Amma shekara dubu uku mutumin nan yana can sama ba wanda ya ce katangarsa ta tsage, sai yanzu da duniya ta koyi sunansa jikansa zai zuba masa ruwa?"

Maganar ta shiga, shi ya sa Genwang ya fusata. Ya jefar da shebur.

"To ka gina kai kaɗai, tunda kai ne mai gaskiya."

Ya tafi gida. Ya sauka gangare, ya rufe ƙofa.

Gidan rami yana da shiru irin nasa. Iska tana wucewa ta sama ba ta saukowa. Ya dafa taliya ya kasa ci, ya zuba wa kaji. Ya share tsakar gida wadda ba ta yi datti ba. Da rana ta yi tsaka ƙafarsa ta nufi hanyar kwazazzabo da kanta, ya tsaya a bakin gangare ya komo. Ya ɗauki waya zai kira 'yarsa, ya tuna tana wurin aiki, kuma in ta ɗauka me zai ce mata? Ya zauna a bakin gadon bulo ya dubi bango. Bangon nan shi da Laishun suka gyara shi shekarar da aka haifi yarinyar. Har yanzu ba tsaga ko ɗaya.

Kwana ɗaya ya wuce haka. Ya san Laishun zai baza ƙasar ta sha iska. A rana ta biyu, da hantsi, ya ji.

Dum.

Sai shiru, daidai inda ya kamata wani ya amsa.

Dum.

Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Ƙarar ta biyo shi ta cikin ƙasa, don gidan rami ta ƙasa yake ji. Ya ƙirga ba da niyya ba. Bugun yana raguwa, tazarar tana ƙaruwa. Tsohon banza yana yin gefensa, sannan ya taka zuwa ɗaya gefen ya yi da hannun da ya riga ya gaji. Gefe ɗaya zai yi tauri, ɗaya ya yi laushi. Katangar za ta karkata gabas. Kuma mutum mai rawar ƙafa yana tsaye shi kaɗai a kan katako, sama da ƙirjin mutum daga ƙasa.

Genwang ya zagi Laishun, ya zagi Pei, ya zagi masana taurari da suka rasa aikin yi. Ya sa takalmi.

Da ya iso bai yi sallama ba. Ya cusa hannu cikin tulin ƙasa, ya ga ta dawo daidai. Ya hau tsani, ya taka inda Laishun ya daɓe a gefen gabas, dugadugansa suka ɗan nutse.

"Wannan daɓe ne ko shimfiɗa?"

"Gefenka ne. Na yi maka irin yadda ka saba."

"Matsa can."

Ya ɗaga nasa madaɓin, wanda ke nan inda ya bar shi. Laishun ya sauke, shi ya amsa.

Daga ranar bokiti huɗu yake zubawa, ba ƙari ba ragi. Ba su ƙara tayar da zancen ba. Sun yi ta aiki har da yamma don su cike kwanakin da aka ɓata, kafaɗar Genwang ta kumbura, Laishun ya riƙa hawa tsani da hutu biyu. Kwana biyu kafin biki suka daɓe hawan ƙarshe, suka haɗu a tsakiya, madaɓi kusa da madaɓi. Suka sauko. Laishun ya kama wancan kan igiya, Genwang ya kama wannan, suka kwance, suka janye katakon tare.

Katangar ta tsaya, ruwan ɗorawa, layi a kan layi. Laishun ya je ƙarshenta ya rufe ido ɗaya ya duba tsawonta. Ya ɗauko ƙusa ya gwada kafawa da dutse, ƙusar ta lanƙwashe.

"Ba laifi," ya ce.

"Gefena ya fi."

"Gefenka ni na fara shi."

Ɗan Laishun bai jira biki ba, hutun kwana ɗaya aka ba shi. Washegari da safe farar mota ta tsaya a bakin ƙauye, daidai katangar. Kayan tsohon ba su cika bayan motar ba: bargo biyu, buhun gero, tulun ruwan tsami na girki da ya ce na birni ruwa ne, hoton matarsa. Ya so ya sa madaɓinsa, ɗan ya ce, "Baba, me za ka daɓe a hawa na goma sha bakwai?" Aka sauke shi aka jingina da katanga kusa da na Genwang.

"Kawu Genwang, za mu riƙa kawo shi da sabuwar shekara," in ji ɗan.

"Ku kawo shi ko kada ku kawo, ni me zan yi da shi."

Laishun ya leƙo ta taga. "Ka sa wa gangarenka toka in sanyi ya zo."

"Ka cire takalmi kafin ka hau masai."

Motar ta gangara. Genwang bai ɗaga hannu ba. Ya tsaya har ta sha kwanar gonar tuffa ta ƙarshe.

Pei ya iso da mutum biyu da allo mai rubutu da zanen taurari, suna auna inda za su kafa. Ya ce gobe Baba ya sa riga mai kyau, za a so ya riƙe madaɓi a ɗauke shi hoto, ya kuma faɗa wa baƙi ta inda tauraron ke fitowa.

"Su zo da asuba su gani da idonsu."

"Baba, ƙarfe goma za su iso."

"To ka nuna musu allo."

Ya tattara igiyoyi ya naɗe, ya jera katakai a gefe don mai keken kaya ya kai masa. Saura madaɓai biyu. Kowanne dutse ne da mutum ɗaya ke ɗauka a kafaɗa ɗaya. Ya gwada ɗaga su tare, ya kasa. Pei ya ce a bar ɗayan nan mana, ai zai yi kyau a hoto. Genwang ya saɓa na Laishun tukuna, ya bi layin gidajen da aka kulle, ya sauka gangare a hankali, ya ajiye shi a ɗakin da ba ya yoyo. Ya zauna ya huta har numfashinsa ya dawo. Sannan ya tashi ya koma ɗauko nasa.